Tsakanin Sikeli da Idon Jama'a: Wane Nauyi Ya Dace Mutumin Gombe Ya Nema?

A Gombe, kamar sauran garuruwan Arewa, bakin mutane ne ke fara gaya wa mutum nauyinsa tun kafin ya hau sikeli. Amarya ta yi wata uku a ɗakinta, dangi su kawo ziyara, kumatunta za su fara dubawa. In ta ciko a ce gidan miji ya karɓe ta, in ta faɗa a koma gida ana ƙus-ƙus, ana tambayar ko angon ba ya cefane. Ma'aikaci ya samu ƙarin girma, wuya ya yi kauri, ciki ya fara tura riga, abokai a majalisa su ce lallai Alhaji hutu ya zauna. Wanda kuwa ya rame, ko da gangan ya rage jikin, sai ya gaji da amsa "lafiya kuwa?" Wannan awo na ido yana da dalilinsa. A ƙasar da ta san fari da yunwa da tarin fuka, rama ta daɗe tana nufin wahala, ƙiba kuma tana nufin an tsira. Sai dai hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda sun shigo gari sun zauna, ido kuwa yana nan da tsohon lissafinsa. Ra'ayina shi ne ma'aunin nan na nauyi da tsayi, wanda ma'aikatan asibiti ke kira BMI, ya fi idon jama'a gaskiya nesa ba kusa ba, amma rariya ce kawai ta tankaɗen farko, kuma wanda ya mayar da lambarsa burin da zai bi ruwa a jallo, yawanci zai sha wahala ya koma inda ya fito.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsayinsa a mita, sannan a sake raba abin da ya fito da tsayin. A ce ga mace mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 82: a raba 82 da 1.6, a sake rabawa da 1.6, za a samu 32. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa manya iyakoki kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce wadda likita ke yi wa kallon matsala. Wato ga mai tsayin mita 1.60, "daidai" ya kama daga wajen kilo 47 zuwa kusan 64. Ga namiji mai tsayin mita 1.72, daga wajen kilo 55 zuwa 74. A lura da faɗin wannan fili: mutum biyu masu tsayi ɗaya na iya bambanta da kilo goma sha biyar, dukkansu kuma suna cikin layi. Babu wata lamba guda da aka ce ita ce ta kowa. Inda aka fi yin kuskure a aikace shi ne tsayi, domin ninka shi ake yi, ƙaramin kuskure sai ya girma. Mutum ya cire takalmi da hula, mace ta sauke ɗaurin kallabi, a jingina dunduniya da ƙeya da bango, a aza littafi a tsakar kai, a yi alama da alli, a auna. Sikelin kuma a ajiye shi a daɓen siminti, domin a kan tabarma ko rairayi ƙarya yake yi.

Ya kamata a san daga inda wannan lissafi ya fito, saboda asalinsa ne ke nuna iyakarsa. Wanda ya fara lura da shi wani masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830. Ba likita ba ne, kuma ba ƙiba yake nazari ba. So yake ya siffanta matsakaicin mutum a cikin jama'a. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, da abokan aikinsa suka gwada hanyoyin haɗa nauyi da tsayi a kan maza fiye da 7,000 daga Amurka da Finlan da Italiya da Japan da Afirka ta Kudu, suka ga ta Quetelet ta fi sauran dacewa da yawan kitsen jiki, suka raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi yau. Babu mace ko ɗaya a binciken. Amfanin da aka fi ganin ma'aunin da shi tun farko shi ne nazarin jama'a masu yawa, inda kuskuren wannan ke goge na wancan. Da aka kawo shi ɗakin likita ana gwada shi a kan mutum ɗaya ɗaya, arahar sa aka bi, don kuwa ba ya buƙatar wutar lantarki ko gwajin jini, sikeli da bango sun isa. A garin da ake layi tun asuba don ganin likita, wannan araha ba abin rainawa ba ce.

Me ya sa maganar ta shafi Gombe? Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin ɗari ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima ko sun yi ƙiba. Arewa maso gabas ce ta fi kowane yanki yawan ramammun mata, ƙiba kuma ta fi yawa a birane fiye da ƙauyuka. Gombe tana daidai mahaɗar waɗannan biyun. Tun da aka mayar da fadar sarauta nan a 1919 gari ne na kasuwa da auduga da hatsi, amma daga 1 ga Oktoba 1996, da aka cire jihar daga tsohuwar Bauchi, ya zama garin ma'aikata da ofisoshi, ya miƙe har ya haɗe da Tumfure, sannan rikicin Boko Haram ya kwararo masa jama'a daga Borno da Yobe. Wanda ubansa ya yi noma da fartanya a Kwami ko Dukku, yau shi yana zaune a shago ko ofis daga safe zuwa la'asar, in zai je inda bai kai tafiyar minti goma ba sai ya tsayar da ɗan acaɓa ko Keke Napep. Matar da uwarta ta yi surfe da daka da ɗiban ruwa, yau inji ke niƙa mata, mai kura ke kawo ruwa har ƙofar gida. Babu mai hankalin da zai ce a koma wa waccan wahala. Abin lura kawai shi ne aikin ya ragu, malmalar tuwon ba ta ragu ba, sannan an ƙara mata lemon kwalba da taliyar leda da burodi. Shi ya sa a gida ɗaya a Jekadafari ko Bolari za a iya samun uwa mai lamba 31 da ɗanta wanda tef ɗin awon dantse ya nuna masa ja, alamar tamowa.

A nan ne masu suka na farko ke tsayawa, kuma maganarsu tana da nauyi. Sukan ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kwanon masara ya gagari talaka, gidaje da yawa sun koma ci sau biyu ko sau ɗaya, to wa ke da lokacin zancen rage ƙiba? Ai wannan hirar masu ƙoshi ce. Amsa ta farko ita ce ma'aunin yana kama rama kamar yadda yake kama ƙiba, kuma a wannan yanki ɓangaren ƙasa da 18.5 na buƙatar kulawa daidai da na sama. Ta biyu, talauci ba ya hana ƙiba, sau da yawa shi ke kawo ta. In kuɗi suka yi kaɗan, ƙwai da kifi da nama da kayan marmari ake fara sokewa, a bar abin da ke cika ciki da araha: garin kwaki da suga, taliya da manja, burodi da shayi. Ciki ya cika, jiki ya tara kitse, jini kuma babu. Ta uku ta fi ban tsoro, kuma daga ƙasar nan hujjarta ta fito. A 2010 masu bincike daga Suwidin da asibitin koyarwa na Inugu suka buga sakamakon awon da suka yi wa mutum fiye da 1,300 a kasuwannin Inugu. Waɗanda aka haifa a tsakiyar yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayanta yawan hawan jini da hauhawar suga da nauyin da ya wuce kima, shekara arba'in bayan an ajiye bindiga. An ga irin haka a Holan a kan 'ya'yan yunwar 1944 zuwa 1945. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan ginu a kan tattali, in daga baya ya samu yalwa sai yalwar ta cuce shi. Ke nan yaron da tamowa ta taɓa a yau, in ya girma ya samu abin hannu, shi ne ya fi kusa da ciwon suga. Yunwa da ƙiba a wurinmu zare ɗaya ya ɗinke su.

Suka ta biyu ita ce ma'aunin na Turawa ne, an yanka shi a jikinsu, bai san namu ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma Gombe wuri ne mai kyau na ganin ta. Lissafin bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan dakon da ke sauke buhunan masara a Tudun Hatsi, ƙirji faffaɗa, ciki a shafe, yana iya fitowa da lamba 27, takarda ta ce nauyinsa ya wuce kima alhali babu abin da zai rage. Haka kuma bai san tsawon ƙafa ba. Mutum mai dogayen ƙafafu da siririn ƙashi, irin ƙirar da ta yawaita a cikin Fulani, lambarsa takan yi ƙasa, sai a ga makiyayin da ke wuni yana bin shanu lafiya lau an rubuta shi a bakin layin rama. Ƙungiyar Likitocin Amurka da kanta ta amince a watan Yunin 2023 cewa ma'aunin shi kaɗai bai isa a yanke wa mutum hukunci da shi ba, kuma ta ambaci cewa yawancin bayanan da aka gina shi a kai na fararen fata ne. To amma masu wannan suka sukan ɗauka cewa in an gyara ma'aunin domin mu, sassauci za a yi mana. Ba lallai ba. Da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta duba yadda ciwon suga ke kama baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya a can, ƙasa ta yi da layin: 23 maimakon 25, sannan 27.5 maimakon 30, domin ciwon yana kama su tun nauyi bai kai na Bature ba. Ana iya muhawara kan ko abin da aka gani a Landan zai yi daidai da Gombe. Abin da ba za a iya yi ba shi ne a fake da "jikinmu daban ne" a ci gaba da tara tumbi.

Maganin wannan raunin na BMI yana cikin kowace unguwa, a wuyan tela. Inda kitse ya taru ya fi yawansa muhimmanci. Wanda ke cinya da mazaunai ba shi da haɗari sosai. Wanda ke cikin ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, shi ne ke hana jiki jin sinadarin insulin, ya ɗaga suga, ya ɗaga jini. Tef ɗin tela yana ganin wannan, sikeli ba ya gani. Ana zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wato ɗan sama da cibiya, a kan fata ko riga marar kauri, bayan an saki numfashi, ba tare da an shanye ciki ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari na fara ƙaruwa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, ya yi tsanani daga 102 da 88. Akwai ƙa'ida mafi sauƙi wadda NICE ta ɗauka a 2022: kada zagayen ciki ya kai rabin tsayin mutum. Wannan ko karatu ba ya buƙata. A yanki igiya daidai tsayin mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita. In bakunan sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, akwai magana. A ɗauki namijin nan mai tsayin mita 1.72, a ce nauyinsa kilo 71. Lambarsa 24, takarda ta wanke shi. Amma in zagayen cikinsa santimita 96 ne, rabin tsayinsa kuwa 86, to ya wuce da goma, hannaye sirara, ƙafafu sirara, tumbi a gaba, babbar riga ta rufa asiri. Irin wannan ne ciwon suga ke yi wa sanɗa, kuma idon jama'a da BMI duk sukan wuce shi.

Kafin a zo kan rage nauyi, dole a tsaya kan masu neman ƙara shi, domin a nan idon jama'a ya fi yin ɓarna. Budurwa siririya da biki ya matso, ko matar da kishiya ta fi ta cika ido, takan samu mai ba ta shawarar ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe, a ƙulle a leda ba kwali ba takarda. Abin da aka fi samu a irin waɗannan haɗe-haɗe shi ne dexamethasone ko prednisolone, magunguna masu ƙarfi da likita ke bayarwa don asma da wasu cututtuka na kumburi, sai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa wanda ke buɗe ciki ya sa barci. Cikin makonni fuska takan yi zagaye, a fara yabo. Abin da ya taru kuwa ruwa ne da kitsen fuska da ciki da doron wuya, tsokar hannu da ƙafa tana narkewa, fata tana tsagewa, suga da jini suna hawa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana faɗuwa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewar gaggawa na iya kai ta kushewa. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Da irin wannan yarinyar za ta yi lissafin nan, sau da yawa za ta tarar lambarta 19 ce ko 20, wato ba ta da abin gyarawa. A nan ma'aunin kariya ne, hujja ce da za ta riƙe a gaban gwaggo da ƙawaye. Ramar da ke buƙatar asibiti daban take, ita ce wadda ta zo ba a neme ta ba. Wanda ya zubar da kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya sauya ci ba, musamman in akwai tari ko zufar dare ko yawan fitsari da ƙishirwa, gwaji yake buƙata, na tarin fuka da suga da sauransu, ba maganin ƙiba ba. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

To wanda awo ya nuna lallai yana da abin ragewa, ina zai sa gaba? Mu koma kan matar nan mai kilo 82. In aka ce burinta shi ne ta shiga layin "daidai", sai ta zubar da kilo 18. Kaɗan ne ke iya yin haka su riƙe, kuma in ta gaza za ta ɗauka duk ƙoƙarin banza ne. Hujjar da ake da ita ta nuna ba sai an je can ba. A wani babban gwaji a Amurka wanda aka buga sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Rukunin da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin ɗari cikin kusan shekara uku. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kashi 31 suka samu. Kashi 7 na kilo 82 bai kai kilo shida ba. Wato matar nan in ta sauko 76, lambarta tana nan kusa da 30, maƙwabta ma ba lallai su lura ba, amma ta kwashi babban rabo daga amfanin da ake nema. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a wata shida, a tafiyar rabin kilo a mako ko abin da ya yi kusa, sannan a tsaya a riƙe. Wanda ciwon ya riga ya kama ba da daɗewa ba, ragi mai yawa na iya kwantar masa da shi, kamar yadda wani gwaji a Birtaniya ya nuna a 2017, inda kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin suka wayi gari bayan shekara sugansu daidai ba tare da magani ba. Amma wannan aiki ne na ƙarƙashin kulawar likita, irin wanda za a nemi shawararsa a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Ga mutane da yawa kuma, musamman matasan da suka fara aiki ko suka yi aure, burin da ya fi kowanne riba shi ne kada a ƙara. Rabin kilo ko kilo ɗaya a shekara ba ya jan ido, amma a shekara ashirin ya zama wani mutum daban.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan ƙaramin buri shi ne jiki ba ya son a rage shi. Da nauyi ya fara sauka, yunwa takan ƙaru, ƙonewar abinci ta ragu, kuma wannan hali yakan daɗe. Kowa ya ga misalinsa a azumi: ɗan abin da ake ragewa a Ramadan yakan dawo makonni kaɗan bayan salla, ballantana in buɗa-baki ya zama na soye-soye da kunun da aka cika wa suga. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da TikTok yawanci gudawa yake sawa ko yawan fitsari, ruwa ne ke fita, sikeli ya nuna ragi yau, jibi ya koma. Ko allurar semaglutide da duniya ke ta zancenta, wadda a gwaji ta rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi, waɗanda suka daina ta sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda, ga tsada, ga jabu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2024. Saboda haka sauyin da za a zaɓa ya zama wanda mutum zai iya rayuwa da shi shekara da shekaru, a cikin gidansa, da tukunyar da kowa ke ci.

A garin nan, kilo da yawa ta kofi suke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, in da hali ma 25, wato ƙaramin cokali shida. Robar lemo ta rabin lita ita kaɗai na iya ɗauke da giram 50. A tsaya a teburin mai shayi da safe a ga yadda ake haɗa kauri: madarar gwangwani, garin koko, suga cokali uku ko huɗu, a ɗaga a zuba daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, ga rabin burodi da ƙwai da aka soya a mai. Sannan da rana zoɓo ko kunun zaƙi, da dare fura da suga. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemo da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo bai isa ya sa kowa ya fasa saye ba. Wanda ya raba sugan shayinsa biyu, ya mayar da lemo na ranar biki, ya riga ya yi rabin aikin ba tare da ya taɓa tuwonsa ba, kuma kuɗi ya rage masa a aljihu. Sai mai: masa tana shan sa, ƙosai da awara haka, miya kuma a wasu gidaje sai ya taso sama ake cewa ta yi. Abin da za a ƙara kuwa ƙasar nan ke noma shi, wake da gyaɗa da riɗi da zogale da rama da kuɓewa. A rage malmala, a yawaita miya da ganye. Motsa jiki kuma minti 30 ne na tafiya mai ɗan sauri, kwana biyar a mako. Ga namiji wannan na iya zama zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa, ko zagayen filin wasa na Pantami da sassafe. Ga matar da ba ta fita sai da dalili, shawarar "ki riƙa motsa jiki" ba ta da amfani in maigida bai sa hannu ba, ko dai ya yarda ta riƙa takawa da 'yan'uwanta mata, ko a samar mata hali a tsakar gida.

Akwai masu cewa ƙiba halitta ce, gidan su wane haka suke tun kakanni. Gado yana da hannu sosai, binciken tagwaye ya tabbatar da haka, kuma wannan dalili ne na daina yi wa mai ƙiba kallon malalaci ko mai haɗama. Gori bai taɓa rage wa kowa kilo ba, sai dai ya hana shi zuwa asibiti. Amma gado bai sauya ba daga 1990 zuwa 2022, lokacin da ƙibar manya a duniya ta ninka fiye da biyu, har ta kai mutum ɗaya cikin takwas na jama'ar duniya, manya da yara, na fama da ƙiba. Abin da ya sauya abinci ne da zama. Mai gadon ƙiba ba zai zama siriri ba, ba a kuma nemi ya zama ba. Ragin kilo biyar ko shidan nan nasa ne kamar na kowa. Haka masu cewa ga wane nan da ƙibarsa lafiya lau, su ma ba su yi ƙarya ba. Kwamitin masana da wata mujallar gidan Lancet ta kafa ya ba da shawara a watan Janairun 2025 a riƙa bambanta ƙibar da ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓi da wadda ba ta taɓa ba tukuna, kuma kada a dogara da BMI shi kaɗai. Sai dai hawan jini da farkon ciwon suga ba sa ciwo, don haka "lafiyata ƙalau" ba ta tabbata sai an ɗaura abin awon jini a dantse, an kuma huda yatsa.

Waɗannan iyakoki duk na manya ne. Yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 19 da jadawalin shekaru ake auna su. Mai ciki ba ta rage nauyi. Wadda ta shiga ciki da nauyi daidai ana sa ran ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16, mai ƙiba kuma 5 zuwa 9, sai dai abin da ke taruwa bayan kowane jego in haihuwa ta yi kusa da kusa shi ne tushen ƙibar mata da yawa, kuma lokacin arba'in ne ya fi dacewa ma'aikaciyar asibiti ta ɗauko zancen. Tsoho da ya haura 65 kuwa, ɗan nauyi sama da 25 ba abin kora ba ne, zubewar tsoka ta fi zama masa haɗari. Waɗanda aka bari a baya su ne maza. Mace takan hau sikeli duk zuwa awo, yaro yakan hau ranar rigakafi, binciken 2018 ɗin ma mata da yara ya auna. Magidanci ɗan shekara 45, wanda ke karyawa a teburin mai shayi, ya ci shinkafar rana a kasuwa, ya rufe dare da tsire, yana iya shekara goma ba wanda ya auna masa ciki ko jini, sai ranar da aka kwaso shi baki ya karkace. Ba zai je awo ba, amma yana zuwa wurin tela kafin kowace salla, kuma tela na rubuta awonsa a littafi. In awon ƙugun wandon bana ya fi na bara da inci biyu, ya kamata ya nemi a gwada masa jini da suga kafin a gama ɗinkin.